Sunan Fa'iz a Bakin Fili

Yolde Pate, Yola,
3 ga Nuwamba, 2024.

Zuwa ga ƙanena Sheriff,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ku lafiya, kai da mai ɗakinka Latifa da yara, da fatan ciwon gwiwar nan ya yi sauƙi. Allah ya ƙara lafiya, ya rufa mana asiri duniya da lahira. Mu nan ƙalau muke. Ruwan Binuwai ya shiga wasu unguwanni a Jimeta bana, amma bai iso mu ba. 'Yata Munirat ta sauka lafiya, an samu mace.

Na san za ka ce ga waya, me ya kai Gumsu ga biro? Sau uku ina kiranka, da na ji muryarka sai in ɓuge da tambayar ruwan saman Fatakwal. Ni da kuke cewa bakina ba ya da linzami, na kasa. Maganar ɗanka Fa'iz ce. An samu labarinsa, kuma ba irin wanda muka shekara tara muna roƙo ba ne. Ka zauna ka karanta har ƙarshe kafin ka kira Latifa.

Ba ka san ƙungiyar ƙwallonsu sosai ba, don mako biyu da isowarmu daga Bama ka wuce neman abinci. Bappa Bobboyi, telan nan na Jimeta, shi ya ga samarinmu zube a gindin bishiya, ba aiki sai jin labarin wanda aka kashe. Ya kawo ƙwallo ɗaya, ya ɗinka riguna goma sha biyu da ragowar yadi, ya sa musu suna Mafaka. 'Yan Bama, 'yan Gwoza, 'yan Michika, mai zuwa masallaci da mai zuwa coci, duk ya zuba su a filin bayan firamare. Fa'iz ne gola. Ni kuwa aka bar ni da wanki, ina yi ina mita, har yau ban daina ko ɗaya ba.

Ka tuna lokacin ba mu san inda Latifa take ba, aka ce an gan ta wajen Madagali, alhali baiwar Allah tana sansani a Maiduguri. Ranar wata Talata Fa'iz ya shirya tafiya neman uwarsa. Na hana shi, har na ɓoye masa takalmi, ya ari na wani. Suna da wasa da 'yan Girei ranar Asabar, sai ya biya shagon Bappa ya ce kada a cire sunansa, yana tafe. Asabar ta zo, Bappa ya tsaya bakin fili yana kiran suna ɗai-ɗai kamar yadda ya saba. Da ya kira Fa'iz aka yi shiru, sai abokinsa Manasseh, ɗan Michika, ya ce, "Yana tafe." Shi ya shiga raga a madadinsa, suka ci ɗaya da nema.

Tun daga ranar abin ya zama al'ada. Kafin kowane wasa sai an kira sunansa a ƙarshe, 'yan wasa su amsa baki ɗaya cewa yana tafe. Da haka suka ɗauki kofin sallah a Ngurore a 2017, mutanen da ke kiransu 'yan gudun hijira suka koma yi musu tafi. Da haka suka shekara biyu ba a doke su a gida ba. Mutum biyu sun samu manyan ƙungiyoyi, ɗaya ya zama soja, Manasseh kuma shi ke horar da su yanzu, don idon Bappa ya yi rauni. Cikin 'yan wasan yanzu ba wanda ya taɓa ganin Fa'iz, amma amsawa suke kamar ɗan ɗakinsu. Ni ma, kowane lokaci ka tambaye ni ko akwai labari, amsar nan tasu nake ara in ba ka.

Makon jiya wata mata mai suna Jemimah, daga wajen Gwoza, ta kai ɗinki shagon Bappa. Ta ga hoton ƙungiyar na farko a bango, sai ta tsaya cak, ta ɗora yatsa a kan Fa'iz. Bappa ya aiko na je. Na so in ƙaryata ta, Sheriff, wallahi na so. Na yi mata tambayoyi kamar alƙali. Ta faɗi sunanka, ta faɗi ƙaramin yatsansa na hagu da ƙwallo ta karya ya kafe a tanƙware. Ta ce a hanya mutanen nan suka tare motarsu, aka tsare shi wuri ɗaya da ita a daji. Sun so ya ɗauki bindiga ya ƙi. Da damina ta shigo amai da gudawa ya kama mutane, shi ma ya kwana uku ya cika. Waɗanda aka tsare tare da shi suka yi masa sallah suka rufe shi. Ta ce kullum maganarsa ita ce ana jiransa a Yola, suna da wasa ranar Asabar.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na yi kuka har na gode Allah, don ko ba komai an yi masa sutura. Haƙuri maganin zaman duniya, amma ban ce maka yana da sauƙi ba.

Ga abin da ya rage. Mafaka ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙaramar hukuma, ranar Asabar ta ƙarshen watan nan. 'Yan wasa ba su san komai ba tukuna. Manasseh ya ce shi dai bakinsa ba zai ƙara iya faɗin yana tafe ba. Bappa kuma ya ce ba zai tsallake sunan ba, ba kuma zai bari wani ya canza amsar ba, tunda yaron yana da uba a raye. Na ce gaskiyarsa.

Don haka ka zo, Sheriff. Ka zo da Latifa in za ta iya, kai ka san yadda za ka faɗa mata, kuma kada ka bari ta ɗora wa kanta laifi. Ranar Juma'a mu yi masa sadaka a gida. Ranar Asabar Bappa zai kira sunansa sau ɗaya na ƙarshe, yaran za su yi shiru. Kai za ka amsa, ka ce Allah ya jiƙansa, mu kuma mu ce amin.

Ka gaishe min da Latifa, ka riƙe ta da kyau. Ka gaida yara, Ikram da Tahir. Munirat da mijinta suna gaisuwa, Bappa Bobboyi da Manasseh suna yi maka ta'aziyya. Allah ya kawo ku lafiya.

Yayarka,
Gumsu.