An Ba Wani Kamfani Motar Yaran da Nake Tuƙawa

Malama, don Allah ki agaza mini da shawara, kaina ya kulle.

Ni direban motar makaranta ne. Tun gashina yana baƙi nake ɗaukar yara, ga shi har furfura ta fito. Wasu da na ɗauka da majina a hanci, yau su ke miƙo mini nasu 'ya'yan a ƙofar gida. Baba Direba suke ce mini. Na san wanda sai an yi ta danna masa hon zai fito da takalmi a hannu, na san wadda amai ke kamawa in ba a gaba ta zauna ba.

Makon jiya shugabar makaranta ta kira ni ofis, ta ma kasa haɗa ido da ni. Wai an ba wani kamfani aikin ɗaukar yara, har motocin za su koma hannunsu. Kamfanin ya ce zai ɗauke ni, amma a matsayin sabon ma'aikaci, kuma duk inda suka ga dama za su tura ni, yau ma'aikatan banki, gobe 'yan biki.

Maman 'ya'yana ta ce in karɓa in rufa mana asiri. Yayana kuwa, wanda ko keke bai iya ba, cewa yake in bar musu kayansu in nemi motar haya. Ni duk ba wannan ke cina ba. Shekaranjiya na nufi ɗakin malamai shan shayi kamar kullum, sai na tsaya a bakin ƙofa kamar baƙo. Ba wanda ya hana ni shiga. Yaran ma na kasa faɗa musu. Yaya zan yi?

Direban yara

Baba Direba, sannu. Ba gazawarka ce ta jawo wannan ba, kuma ba laifi ba ne ka ji zafin rabuwa da wurin da ka yi ƙuruciyarka.

Kada ka sa hannu a komai tukuna. Ka koma wurin shugabar cikin mutunci, ka nemi a rubuta maka haƙƙinka na shekarun da ka yi, da takardar shaidar aiki. Shi ma kamfanin ya ba ka sharuɗɗansa a rubuce, ka kai wa wanda ya san dokar aiki ya duba maka.

Kana da abin da kamfanin ba zai iya saya ba, wato amincewar iyaye. Ka roƙi shugabar ta nemi a bar ka a kan hanyar yaran. Ba lallai a yarda ba, amma mai ba da kwangila yana da baki, kuma da wuya ta ƙi yi maka wannan.

Maiɗakinka ta fi kusa da gaskiya. Ka karɓa, ka gwada su na 'yan watanni. Maganar yayanka ba ta banza ba ce, amma ba a shiga haya cikin fushi. Ka fara tambayar masu yinta yadda take ciki.

In kuma an tura ka wani wuri, kada yaran su wayi gari su ga baƙuwar fuska. Ka faɗa musu da bakinka, ku yi sallama, ka zauna da sabon direban ka sanar da shi halin kowannensu.

Allah ya zaɓa maka mafi alheri, ya ci gaba da tsare ka a kan hanya.