Na Ɗauke Jan Makullin Batirin Jirgin Surukina

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, amma wanda bai karanta har ƙarshe ba ya riƙe tasa.

Ranar Asabar ta biyu a watan Mayun bana, da ƙarfe goma da kwata na safe, ni da maiɗakina Hajiya muka sauko daga Rillieux-la-Pape zuwa bakin kogin Saône a Lyon, domin ganin jirgin ruwan da ƴata ta fari da mijinta suka taho da shi daga Paris. Irin mai tafiya da iska ne. Sun kwantar da dogon sandansa, suna bin koguna zuwa teku, da nufin su kai Dakar. Wata huɗu a kan ruwa, wai hutu.

Shekarata saba'in da uku, arba'in daga ciki a aikin kuran, wato wutar lantarki, na yi su. A lekkol ɗin mishan, makarantar turawa, na koyi sana'ar, wurin wani Fada da ke tsinke aikin yini guda saboda waya ɗaya ta karkace, kuma har gobe ina gode masa. Shi kuwa surukina anjiniya ne na ordinater, wato kwamfuta, diplom biyu gare shi, bai taɓa jin kuran ya ja shi ba.

Da hannunsa ya yi gyaran kuran ɗin jirgin, yana alfahari. Ya ƙara batir biyu, ya ɗora panno biyu na hasken rana, ya sa alternater babba mai cajin batir a kan injin jirgin, duk domin firigo na sanyaya abinci da tukunyar dafa shinkafa. Na ɗaga murfin ma'ajiyar batir na leƙa. Jama'a, ban taɓa ganin ƙazanta irin wannan ba. Wayoyin duka shuɗi ne, ba ja ba baƙi, saboda wani abokinsa a Bobigny ya ba shi nadi guda kyauta. Wadda ta taso daga alternater ba ta kai kaurin fensir ba, alhali mai kaurin yatsa ake buƙata. Babu fizibil ko ɗaya kusa da batir, abin da ke tsinkewa idan kuran ya yi yawa. Mahaɗan kuwa murɗe su ya yi, ya naɗe da salatif kamar mai ɗaure tsire. Ranar da wayar nan ta yi zafi a tsakiyar teku wuta ce, kuma babu maƙwabcin da zai kawo guga.

Ga inda matsalar take. Suruki ne, a gidanmu ba a kallon idonsa a ce ya yi kuskure. Ita kuma ƴar fari ce, tun haihuwarta ban taɓa kiran sunanta ba, balle in nuna ina jin tsoro a kanta. Saboda haka na faɗa wa Hajiya, ta faɗa wa ƴar, ƴar ta faɗa wa mijin, alhali mu huɗu muna zaune a ɗakin da bai fi tabarma biyu ba. Kafin maganar ta isa gare shi ta koma wai Baba ya ce launin wayar bai yi masa kyau ba. Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, a gaya wa Baba kuran ba ya ganin launi. Na duba a forum na intanet, ça va aller, ba komai."

Forum! Da suka hau sama shan shayi, na zare jan makullin da ke yanke kuran daga batir, na sa a aljihu. Lissafina shi ne injin ba zai tashi ba, dole su kira ma'aikaci na gaske, shi kuma ya faɗi abin da bakina ya kasa. Ban taɓa ɗaukar ko allurar wani ba sai ranar.

Na raina wautarsa, ashe ban auna zurfinta ba. Ranar Laraba Hajiya ta dawo da labari tana murna, wai yaron nan akwai basira, makulli ya ɓata amma ya kwance wayoyin biyu ya haɗe su da ƙusa ɗaya, inji ya tashi. Wato abu ɗaya tak da ke daidai a jirgin nan, wanda za a murɗa a kashe kuran idan hayaƙi ya tashi, ni na raba su da shi. Da na yi mata bayani ta ce in dai na buɗe baki na zubar da girmana a gaban suruki, ita ba ta san inda za ta sa fuskarta ba.

Za su yi kwana goma a bakin teku kafin su tsayar da sandan. Na riga na sayi jar waya da baƙa, da fizibil shida, suna cikin jakata. Shin in hau jirgin ƙasa in same su, in kalli mutumin nan in ce aikinsa shirme ne, ni kuma ɓarawon makulli ne, in kira ƴata da sunanta in ce kada ta hau? Ko akwai hanyar da dattijo zai bi ba tare da ya tsallake kunya ba? Masu cewa in yi addu'a kawai, na yi, ba ta ƙara wa waya kauri ba.

Jirgin ya bar Lyon ranar Alhamis da ƙarfe bakwai na safe. Makullin yana aljihuna.