Likitana da Baro a Cikin Laka

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Ya jikin Inna? Ya Anti Hajara da yara, ya kuma damina? Mu nan Manchester sai godiya.

Yaya, ranar Asabar na ga abin da ya ɗaure mini kai. Na bi ta bayan unguwarmu, sai ga likitana, dattijon Bature, yana tura baro cike da tsakuwa, laka har gwiwa. Ka san ana ta rage ma'aikata a ƙasar nan, sai na ɗauka an sallame shi ya koma leburanci. Na ƙarasa na rusuna na yi masa jaje, har da cewa Allah zai kawo wani aikin.

Mutumin nan ya yi dariya har da riƙe ciki. Wai kansil, wato ƙaramar hukumarsu, ba ta da kuɗi, shi ne mutanen unguwa suka fito suna shimfiɗa hanya a filin gwamnati, kyauta. Na ce, "Masu mota sun huta." Ya ce, "Mota ba za ta bi nan ba. Ta masu ƙafa da keke ce, don shan iska."

Gayya guda saboda yawo! Mu kuwa hanyar asibitinmu, shekara nawa muna jiran ciyaman?

Ban gama jin kunya ba ya miƙo mini shebur. Yau kwana uku ba na iya sunkuyawa, kuma wajensa zan je neman magani.

A gaida kowa. Inna ta sa ni a addu'a, ni da bayana.

Ƙaninka,
Bashir