Akwatunan Kansila Garrity

Pennsylvania, Nuwamba 1894

Yaya Rozaliya,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Mama, yaya maigidan da yara? Ni lafiya lau. Tarin nan hayaƙin masana'antar ƙarfe ne kawai, kowa a nan yana yin sa.

Ƙungiyarmu ta 'yan gida ta ɗora mini rubuta tarihin unguwa, tunda na taɓa koyarwa. Tarihin kuwa duk na mutum ɗaya ne, Kansila Garrity. Tsohuwa Zofiya ta ce, "Malam, ka rubuta uban marayu. Wa ke kawo mana kwal da sanyi? Wa ke ba da akwatin gawa kyauta in tanderu ya ci mutum?"

Imrich mai hannu ɗaya ya ce, "Gwaggo, wa ya karɓi na goro ya kori mai duba tanderun? Shi ke kawo gawar, shi ke kawo akwatin."

Na karanta tarihin Rumawa, su sai mutum ya mutu suke wannan gardama. Namu yana nan da ransa. Ni kuma da bakin nan nawa, na faɗa a mashaya cewa duka biyun zan rubuta.

Ranar Lahadi kafintan Garrity mai haɗa akwatunan gawa ya tare ni a ƙofar coci, ya gaishe ni da fara'a, ya tambayi tsawona. Washegari aka mayar da ni aiki bakin tanderu.

Kada Mama ta ji. Allah ya raya mana yara. Ki gaya wa matata Terezka kada ta hau jirgin ruwa sai ta ga wasiƙa da rubutun hannuna.

Ƙaninki,
Vendelin