Bishiyar da Baba Ya Ɗauka Bana

Lieksa, 16 ga Oktoba

Zuwa ga Yaya Raimo,

Gaisuwa mai tarin yawa daga gida, tare da fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Colleen da yara. Allah ya sauwaƙe maka ciwon gwiwar da ka ambata, ya kuma ba ku juriyar sanyin Thunder Bay ta Kanada, wanda kullum kake cika bakin ya fi namu. Mu nan lafiya muke daidai gwargwado. Maigidana Pentti ya gama faskaren itacen hunturu, ya jera shi har rufin rumfa, yanzu ba shi da aiki sai zagaya shi yana yaba wa kansa. Gwaggo Hilkka ta cika tamanin da bakwai, an yi mata kek, ta ci yanka biyu sannan ta ce bai yi daɗi ba. Baba yana ci, yana barci, yana shiga sauna, ɗakin wankan tururi, duk Asabar kamar yadda ka san shi.

Za ka yi mamakin ganin rubutuna alhali duk Lahadi muna waya. Dalili kuwa, wayar tana kan teburin kicin, kujerar Baba tana jikin teburin, kunnensa kuma ya fi nawa ji. A cikin ambulan ɗin nan akwai hoton lokacin kaka na bana, na talatin da biyu tun tafiyarka. Na naɗe shi a takarda daban don ka gama karatu kafin ka buɗe, ko da yake na san halinka, ka riga ka buɗe.

Ka san Baba bai taɓa rubuta wa kowa wasiƙa ba. Abin da ya iya shi ne, da ganye ya juya launi sai ya rataya tsohuwar kyamararsa ta fim, ya bi hanyar bakin kogi har kwanar da ke ƙasan tsohon injin niƙa, ya hau faffaɗan dutsen nan, ya ɗauki bishiyar pihlaja da kuke rataya jakar kifi a jikinta. A bayan hoton ya sa kwanan wata da hasashensa na shekara, don a wurinsa pihlaja ba ta ɗaukar kaya biyu: in ta yi jajayen 'ya'ya da yawa, dusar ƙanƙara ba za ta yi nauyi ba, in kuwa ba ta yi ba, kowa ya tanadi shebur. Marigayiya Mama takan ce ta auri mutumin da ya fi hira da bishiya a kan matarsa, bishiyar ma sau ɗaya a shekara.

To, hotuna ukun da suka gabata ba Baba ya ɗauka ba, ni ce. Shekara huɗu ke nan tsakiyar idonsa yana mutuwa. Gefe yake gani, shi ma launi ne da motsi, fuska kuwa sai ya karkata kai, mutum ya matso kamar zai yi masa raɗa. Ya sa na yi masa alkawari ba zan gaya maka ba. Cewa ya yi mutum yana can ƙetaren teku da iyalinsa, me zai yi da labarin idon tsoho, jiƙa shi zai yi ya sha? Don haka duk kaka tare muke zuwa, ni in hau dutsen, shi ya tsaya a bayana yana ba da umarni, wai hagu kaɗan, wai kar in yanke ruwan, wai hannuna yana rawa kamar na mashayi. Rubutun baya ne kawai nasa. Bara da ka yi masa tsiya a waya cewa rubutunsa yana ƙiba shi yana ramewa, ya yi dariya sosai. Ni ina wanke kofuna, ban yi ba.

Abin da ya sa na karya alkawarin shi ne maganarka ta watan jiya, da ka ce ka ɗage zuwanka sai ka yi ritaya nan da shekara biyu, tunda tsohon da yake taka hanyar kogi yana ɗaukar hoto tangaran haka ba ya cikin gaggawa. Ban ga laifinka ba, abin da aka nuna maka ka gani. Amma likitar ido ta ce ɗan abin da ya rage da wuya ya kai bazara. Na zauna na duba, sai na ga da hannuna na gina maka dalilin zama, hoto bayan hoto, har ina kula da haske.

Ranar Talatar makon jiya muka tafi. An buɗe farauta, ana jin haushin karnuka a ƙetaren kogi, saboda haka Pentti ya tsare ƙofa sai na sa jar rigarsa ta farauta a kan kwat ɗina. Wai mace mai girman jikina cikin kwat ruwan toka, ko shi da ya aure ni zai iya ɗauka dabbar daji ce ya ɗana kunamar bindiga. Baba ya ƙi sa tasa, ya ce wanda ya harbe shi ya yi asarar harsashi. Hanyar tana nan yadda ka bar ta, sai dai an sa sababbin katakai a wurin da ke da laka. Bishiyoyin gaɓa sun yi rawaya, ganyensu ya rufe gefen ruwa, kogin ya ja baya har duwatsun tsakiya sun fito. Mun yi kusan awa guda a tafiyar da ka saba yi cikin minti ashirin, yana riƙe da gwiwar hannuna, yana gaya mini sunan kowace kwana kafin mu kai ta.

Da muka isa na tarar pihlaja tsirara. Bana ba ta yi 'ya'yan kirki ba, ɗan abin da ta yi tsuntsaye sun cinye, iskar ƙarshen mako kuma ta kakkaɓe ganyen. Kafin in buɗe baki Baba ya miƙo hannu ya ce in ba shi kyamararsa, bana da kansa zai ɗauka, ya gaji da aika wa ɗansa aikin 'yan koyo. Na taimaka masa ya hau dutsen, na koma gefe, kamar taku goma hagu da bishiyar, don kar in shiga hoton. Ya ɗaga kyamara, ya karkata kai yana lalube, ya wuce bishiyar, ya zo kaina ya tsaya. Duk bakin kogin nan ba wani abu ja sai ni. Na ji yana cewa kai, kai, ja'irar bana ta yi kaya, rabon da ya gan ta ja haka tun shekarar da aka haife ni. Na so in yi magana. Sai ya ce, da bishiyar yake, tsaya mana tsohuwa, kar ki motsa. Na tsaya. Ya danna sau uku. Da ya sauke kyamara ya ƙwala mini kira yana tambayar ina na shiga, sai da na zagaya ta bayan duwatsu na cire rigar na dunƙule ta a hammata, sannan na amsa daga wani gefen. A hanyar dawowa bakinsa bai rufu ba, har ya ce in dafa kofi mai ƙarfi.

Jiya aka wanko hotunan. Za ka gani da idonka: kogi ya fito dishi-dishi, ga ƙanwarka a tsakiya cikin rigar mijinta, hannuwa a saki, ga reshe ɗaya na pihlaja ya leƙo ta gefen dama. Baba ya juya shi ya rubuta da manyan baƙaƙensa, 'ya'ya da yawa, ƙanƙara kaɗan. Pentti ya ce in musanya da ragowar na bara mana, wa zai gane, bishiya ai bishiya ce. Na ce masa ramin ƙarya ƙurarre ne, ni kuma na kai ƙarshen nawa. Na daɗe ina duban hoton. Iyakar sanina, tun ranar aurena Baba bai ɗauke ni hoto ni kaɗai ba sai wannan, shi ma da sunan itace. Abin ya ba ni dariya, ya kuma yi mini ciwo, ba zan ɓoye maka ba.

Ba roƙonka nake ba, Yaya, kai ne babba, ka fi ni sanin abin da ya dace. Labari na ba ka. Shekara huɗu ina ɗauke da Baba ina ɗauke da sirrinsa, shi kuwa da bakinsa ya ce pihlaja ba ta ɗaukar kaya biyu, kuma tunda bana ni ce ita, na sauke ɗaya a ƙofarka. Zumunta a ƙafa take. Ɗakinka na sama yana nan, sai dai a kwashe kwalaben jam na 'ya'yan itace. Ranar Lahadi in ka kira, ka yaba masa hoton, kar ka nuna ka san komai, sauran maganar ni da shi ce, na san yadda zan sha faɗan.

Ka gaishe mini da Colleen da kyau, ka ce mata safar ulun da ta saƙa wa Baba ba ya cire ta sai da rigima. Ka gaida yaranka, Kaisu da mijinta, da Henrik, da jaririyar da har yanzu a hoto kawai muka san ta. Pentti yana gaisuwa, Gwaggo Hilkka ma, ta ce a tambaye ka ko ka manta hanyar gida ne ko jirgi ne ya ƙare a Kanada. Bishiyar gaskiya dai ba ta yi 'ya'ya ba, don haka ƙanƙara za ta yi nauyi bana, ka taho da takalman kirki. In za ka shigo gidan kuma, ka sa jar riga, don ya hango ka tun daga ƙofa.

Ƙanwarka,
Tuovi