Fuskar da ke Bangon Tasha

Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar Hajiya surukarki? Allah ya ƙara sauƙi.

Na kusa gama bangon. Kin tuna ƙungiyar masu zane ta unguwarmu ta ba mu bango ɗai-ɗai mu ƙawata. Ranar Asabar ta sama za a yi taro a yaye tamfol ɗin da aka rufe zanen da shi, wanda alƙalai suka zaɓa a ba shi ɗakin aiki na shekara guda. Kin san a kan gado nake zane, fenti har cikin kwanon abincina. Ɗakin nan nake so, Yaya, har mafarkinsa nake yi.

Bangon da ke kallon tashar mota ne rabona. Na zana tsohon da ke share bakin tashar, riƙe da tsintsiya, tsayinsa ya kai bene. Daga nesa na riƙa satar kamanninsa a takarda, bai sani ba. Duk wanda ya leƙa sai ya ce kamar an tsaga kara.

Na kama muku kujeru uku a gaba, ke da maigidan da Hajiya. Kada ki ce mini yara.

Taki,
Auta

Yaya,

Ina fatan kun tashi lafiya. Ni dai jikina lau, hankalina ne ba ya kwance.

Mai shayin tasha, bakinsa ba ya riƙe magana, ya kai wa tsohon albishir. Jiya ina kan tsani sai ga shi ya ɗaga gefen tamfol ya tsaya yana kallon kansa. Da faɗa ya yi mini da ya fi sauƙi. Cewa ya yi, 'yata, sauko mu yi magana.

Ashe iyalinsa a garinsu sun ɗauka masinja ne a ofis. In motar garinsu ta shigo, bayan rumfa yake laɓewa har fasinjoji su watse. Ga 'yarsa ta sami makaranta a nan, a tashar nan za ta sauka, bangon ne abu na farko da za ta gani. Ya ce ba ya roƙona komai sai in rufa masa asiri. Ya ɗauki tsintsiyarsa ya koma bakin shara.

Na je wurin shugaban ƙungiya kan ina so in sauya fuskar. Ya ce fuskar ce ran zanen, kuma sabon fenti a kan busasshe ba ya ɓoyuwa, ko makahon alƙali sai ya ga faci. Wai in na taɓa, ni na sani. Ya ƙara da cewa tsoho zai yi fushinsa ya huce.

Na rasa tudun dafawa. Abinci ma ya ƙi shiga. Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Bayan gaisuwa. Na ba direban motar safe wannan wasiƙar don ta riske ki kafin ku kama hanya gobe. Ki karanta ke kaɗai.

Na goge fuskar. Na gwada ƙirƙiro wata daga kaina, ta fito kamar ta 'yar tsana, na sake gogewa. Ina tsaye a kan tsani, rana tana ta yi, fenti yana bushewa a burushi, sai hannuna ya kama hanyar fuskar da ya sani ba sai ya duba takarda ba.

Baba na zana, Yaya. Da tabon girarsa, da yadda yake ƙanƙance ido in ƙura ta taso. Tsintsiyar kuwa ban taɓa ta ba, dama irin riƙonsa na yi mata tun farko.

Tsohon ya gani, ya daɗe yana sa mini albarka. Shugaba ya ga facin a wuya ya girgiza kai ya wuce. Ɗaki dai na san ya tafi, na yi kukansa na gama.

Ke ce tsorona yanzu. Na san kin gaya wa dangin mijinki Baba akawu ne, kuma hotonsa yana rataye a falonki, Hajiya za ta gane shi da kallo ɗaya. Abin da na yi wa tsohon shi na maimaita miki, ban tambaye ki ba. Ki yafe mini. Amma wannan ba zan goge ba. Baba bai taɓa laɓewa bayan rumfa ba, da tsintsiyar a kafaɗa yake zuwa ɗaukarmu daga makaranta. Mu ne muke tsallaka titi don kada a gan mu tare da shi.

Kujerun suna nan. In kin ce ƙafar Hajiya ta tashi, ba zan tambaye ki komai ba. In kuma kun zo, kuna saukowa daga mota bangon ne a gabanku, ana yaye tamfol shi za ku fara gani.

Ƙanwarki har kullum,
Auta