A Bakin Aurenki

Baffa Isyaku, Gyadi-Gyadi,

Assalamu alaikum. Yaya ƙafar Inna, yaya yarana? Ni lafiya lau a Jidda, tsayuwar aikin ce dai ba ta ƙarewa.

Baffa, na ji Habibullah ya aiko daga gidan yari wai har yanzu matarsa ce ni. A gabanka ranar ziyara ya ce, "In kika hau jirgi, a bakin aurenki." Na hau, don mun daina ɗora tukunya. A kan wanke-wanken mutane na gama idda.

Don Allah ka faɗa wa alƙali abin da kunnenka ya ji. A ci gaba da kai wa Habibullah tuwo, amma kada a ce daga matarsa.

'Yarka,
Muhibbat